Romon Dutse

Shekarar da Veikko ya haƙa rijiyar bayan gida
maƙwabta sun jingina da shinge suna dariya.
Mita ɗari da tamanin cikin dutse,
ba don ruwan sha ba,
wai ɗumi zai ɗebo.
Ya ce, "Tuulikki, bazara ba ta tafiya duka,
tana binne ragowarta a ƙarƙashin ƙasa."

Bututu ya sauka da ruwan da ba ya daskarewa,
ya hawo da ɗan ɗumin da bai kai na tafin hannu ba,
injin ɗakin ƙasa ya matse shi, ya matse,
har ya isa busar da safar yara.

Hunturu goma sha ɗaya yana gurnani a ƙasanmu
kamar kyanwar da ta ƙoshi.
A na goma sha biyu, babu Veikko.

Sanyin Kajaani ya san gidan da aka rage mutum ɗaya.
Na murɗa lamba sama, na ƙara murɗawa,
in zan fita in kashe,
in na dawo in kunna da fushi.
Takardar kuɗin wuta ta iso a Janairu.
Na karanta ta a tsaye,
na sake karanta ta a zaune.

Jyrki mai gyara ya zo da ƙanƙara a gemu.
Ya durƙusa, ya kara kunne a jikin injin
kamar likita a ƙirjin tsoho.
Ya kwance matata: baƙin laka, cokali biyu.
Ya bi ƙarafan ɗumama ɗaki ɗaya bayan ɗaya yana sassauta kusa,
iskar da ta maƙale ta fito tana tsaki.

Ya ce, "Digiri hamsin da biyar kike turawa ɗakuna.
Wannan injin ba ya son hawan tudu.
Tazarar da ke tsakanin sanyin ƙasa
da zafin da kike nema,
aljihunki ne ke cike ta.
In ya gaji, wata waya mai cin wuta
ke karɓar aikin a ɓoye.
Sauke shi zuwa arba'in.
Ki bar shi ya yi ta tafiya, dare da rana."

Na ce, "Zan daskare."

Ya ce, "Toshe ƙasan ƙofa.
Rage tsawon labule, yana shanye rabonki.
Kujerar can kuma, ta tare ƙarfen,
a janye ta."

Kujerar Veikko ce.
Ban amsa ba. Na ba shi kofi, ya sha, ya tafi.

Sai da dare na ja ta, ƙafafunta suna kuka a katako.
A bayanta, wani ƙaramin littafi ya faɗo,
duk Lahadi layi guda da fensir:
zafin da ya sauka, zafin da ya hawo,
ranar da ya wanke matata.
A shafin ƙarshe, rubutun ya fara rawa:
talatin da takwas ta isa,
kar a gaggauta shi.

Kwana biyu ina yawo da riga uku.
A na uku bango ya daina cizo.
A na huɗu na tsinci kaina a madafa
ba safa a ƙafata,
ban ma san sanda na cire ba.

Takardar Fabrairu ta zo da sauƙin kai,
kashi ɗaya cikin uku ya zube.
A waje itatuwa na fashewa don sanyi,
tafkin ya yi tauri har mota na bi ta kansa,
amma can ƙasa, inda ba dare ba rana,
dutse na ba ni rance kaɗan-kaɗan,
bashin da bazara za ta biya.

An ce mai haƙuri ke dafa dutse.
Ni ban dafa ba.
Wani ya ɗora tukunyar, ya rage wuta, ya tafi,
ni kuwa ina shan romon
cokali-cokali.